Allon da Mai Shi Kaɗai ke Gani

Ranar da ƙungiyarmu ta masu lambu a Dogon Dutsi ta zauna lissafin dankalin turawa, cikin watan Maris, tun da hantsi rana ta take. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfar kara, mutum ashirin da ƴan kai sun kewaye. Ni da aka ɗora wa riƙon littafi na aza sabuwar kwamfutata a kan ɗan benci, na buɗe ta. Mako biyu na yi ina shigar da komai a cikinta: wa ya karɓi iri buhu nawa, takin zamani nawa, me ya zuba a mangaza, me aka sayar, me ya rage a kansa. Niyyata in juya ta kowa ya ga layinsa da idonsa, mu huta da “an ce, ka ce”.

Na fara da babbanmu, kamar yadda ya kamata. Na matsa kusa da shi na ce, “Baba, ga naka nan.” Ya sunkuyo, ya kanne ido, ya ja baya, ya sake sunkuyowa. Can ya ce, “Ɗana, ni dai rawanina ni ka gani. Ban ga kuɗɗina ba.”

Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake ba. Na zagaya na tsaya inda yake, na ga abin da ya gani: farin rawani, hasken fili a bayansa, da wasu ƴan lambobi can ƙasa kamar tururuwa cikin ruwa. Wanda ke damansa ya ce shi baƙi ƙirin yake gani. Wanda ya miƙe tsaye ya leƙo ya ce komai ya koɗe. Na ƙure hasken allon har iyakarsa, ba ta sauya zani ba. Ƙarshenta sai na dawo mazaunina, na sa na'urar a gabana, na shiga karantowa da baki. Wato muka koma kan abin da muka gudu: mutum ɗaya yana dubawa, saura suna saurare. Babu wanda ya zarge ni da komai. Amma na lura mutum biyu sun ce in maimaita nasu har sau uku, wani kuma yana ta zane a ƙasa da tsinke yana motsa baki. Aka watse shiru. Shirun nan ya fi ciwon kan da na kwana da shi damuna.

A Yamai na sayo kwamfutar, tafiyar kilomita 270 da ɗoriya daga nan. Shagon mai sanyi ne, ƙofar gilashi mai duhu, fitila ɗaya a sama. Mai shagon ya kunna mini hoton bidiyo na kifaye masu launi-launi, allon yana sheƙi kamar an shafe shi da mai. Tambaya uku na yi masa, su ne kuma duk wanda na nemi shawararsa ya ce in yi: “Core i” nawa ce, ƙwaƙwalwarta nawa, ma'ajiyarta nawa. Amsoshin suka yi mini, na biya. Ban ce ya buɗe mini rubutu ba, ban ce ya kai ta bakin ƙofa ba. Alhali tun ina yaro nake ganin iyayenmu mata a kasuwa: ba su taɓa yarda da launin atamfa a cikin rumfa ba. Sai sun ja bakin turmin sun fito da shi rana, sun juya shi, sun murza, kana a yi maganar kuɗi. Sun san inuwar rumfa tana yi wa kaya ado, kuma ba a cikin rumfar za a ɗaura zanen ba.

Daga baya na bi diddigin abin, na tarar ba wani asiri a ciki, lissafi ne. Hasken da ke sauka a wuri ana auna shi da ma'aunin da ake kira lukus. Ofis mai fitila yakan samu tsakanin 300 da 500. Inuwar waje da rana tsaka takan kai 10,000 ko fiye, tsakiyar rana kuwa har 100,000. Ke nan rumfar da muke kira inuwa ta ninka cikin shago haske sau ashirin ko ma fi. Shi kuma allon kwamfuta, wanda a nan aka fi kira ekaran, nasa hasken da nit ake auna shi. Masu araha suna tsakanin 200 da 250, matsakaita 300, masu kyau 400 zuwa sama. Ido yana daidaita kansa ne da hasken da ke kewaye da shi, don haka allon da ya cika ido a ɗaki mai duhu sai ya zama kamar fitilar ƙwai da tsakar rana in an fito da shi. Wayoyin hannu ma sun taimaka wajen ruɗarmu. Da yawansu a yau suna ɗaga haskensu ninkin-ba-ninkin na kwamfuta in sun ji rana, sai mutum ya ɗauka duk abin da ke da gilashi haka yake.

Rawanin Baba kuwa, sheƙin nan da ya burge ni ne ya jawo shi. Gilashi mai santsi yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, kuma yana mayar da shi a shirye, kamar madubi. Kashi 4 ba komai ba ne a ɗaki. A ƙarƙashin rumfa, inda farar riga da farin yashi ke bayan mai dubawa, ya isa ya danne rubutu. Akwai allon da aka yi wa fuska mai ɗan kaushi, marar sheƙi, wanda ke warwatsa hasken maimakon ya mayar da siffar mutum. A shago ba ya ɗaukar ido, launinsa kamar ya ɗan kwanta, shi ya sa mai sayarwa ba ya fara nuna shi. Amma shi ne na aiki. Mu da muka tashi da allon makaranta a hannu bai kamata a koya mana wannan ba: itace ne marar walƙiya, baƙar tawada a kan fari, rubutu manya. Ana karanta shi a rana, ana karanta shi a bakin wuta da dare, malam yana daga gefe yana gyara wa yaro ba tare da ya karɓe shi ba.

Wannan ganin daga gefe shi ne abu na uku, kuma a wurina shi ya fi nauyi. Allunan kwamfutocin da ke yawo a kasuwanninmu galibi iri biyu ne. Akwai TN, tsohon yayi mai araha, wanda sai ka zauna daidai saitinsa kake ganin gaskiyar abin da ke kai. Ka ɗan kauce, ko ka miƙe, ko ka duƙa, launi ya juye. Akwai kuma IPS, wanda mutum uku ko huɗu za su jeru su ga abu ɗaya. Ba a rubuta wannan a murfi, sunan na'urar ma ba ya faɗa maka. Ɗauki ThinkPad T480 da kamfanin Lenovo ya fitar a 2018, wadda ta cika kasuwar kwance: akwai mai allon TN na ɗigo 1366 da 768, akwai mai IPS na 1920 da 1080, suna ɗaya, jiki ɗaya. Haka abin yake a Latitude na Dell da EliteBook na HP. Waɗannan su ne kwamfutocin ma'aikata, kuma na'urori ne masu ƙwari, ana samun kayan gyaransu, ni ma su nake ba mutane shawara. Sai dai a tuna daga inda suka fito. Manyan kamfanoni a Turai da Amurka ke sayensu da yawa, su yi aiki da su ƴan shekaru, su sauya, a kwaso su a biyo da su ta Dubai ko tasoshin jiragen ruwa na gaɓar teku har su iso mana. Ma'aikacin can yana zuwa ofis ya jona ta da babban allo na kan tebur, saboda haka sau da yawa mai sayen farko bai damu da ƙaramin allon ba, ya zaɓi mai sauƙin kuɗi. Ga shi kuma fitilar da ke bayan allo tana raguwa da tsufa. Abin da ya fito da nit 220 shekarun baya ba shi ne zai iso Arewa da 220 ba.

Har akwai waɗanda da gangan aka yi su don kada na gefe ya gani. Tun 2016 HP ke sa wa wasu EliteBook wata fasaha mai suna Sure View: ka danna maɓalli ɗaya, allon ya rufe ga kowa sai wanda ke gabansa. An yi ta ne don ɗan kasuwar da ke cikin jirgin sama, wanda ba ya son maƙwabcin kujerarsa ya leƙa masa asiri. Buƙata ce ta gaskiya a wurinsa. Tamu buƙatar ita ce kishiyarta. Ma'ajin ƙungiya, da mai sayar da taki a kan bashi, da mai karɓar kuɗin famfo a unguwa, duk wanda ke riƙe da lissafin jama'a, allon da yake so shi ne wanda za a taru a kansa.

A nan ne na daɗe ina tunani. Da can littafin ƙungiya na takarda ne. Ya yi datti, ya sha maiƙo, wani shafin ma ya yage, amma yana bin hannu. Wanda bai yi lekol ba yana iya cewa a ba shi, ya kira ɗansa ya karanta masa, ya ɗora yatsa a kan layinsa. Da muka kawo kwamfuta mun ce ci gaba ne, kuma ci gaban ne, don ba ta kuskuren tarawa, ba ta mantuwa. Amma ta ɗauke littafin daga hannun mutane ta sa shi bayan gilashi da kalmar sirri. In aka ƙara da cewa gilashin ma mutum ɗaya ke iya gani, to an mayar da dukiyar mutum ashirin abin da sai an ba su labari. Ko da mai riƙon amintacce ne, an ɗora masa kayan da bai kamata ya ɗauka ba, su kuma an hana su hakkinsu na tabbatarwa. Na ga ƙungiyoyin da suka watse ba don an ci kuɗi ba, sai don an kasa nuna cewa ba a ci ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma manomin da ya yi wata uku yana ban ruwa cikin ɗarin hunturu ya cancanci gani.

Kada a ce ai yawancinsu ba su karatun boko. Lambobi sun sani sarai, wayar hannu ta koya wa kowa. Matsalar da suke da ita wata ce dabam: na'ura da faran take lissafi, su kuma da dala da jikka. Dala faran 5 ce, jikka faran 1,000. In allo ya nuna 47,500, sai mutum ya tsaya ya juya shi a kansa ya zama jikka arba'in da bakwai da dala ɗari. Yana wannan aikin kuma yana fama da ƙananan lambobi masu kama da juna, 3 da 8, 1 da 7, ina zai samu natsuwa? Daga baya na ƙara layi guda a jadawalin da ke nuna kuɗin da jikka, na ga yadda fuskoki suka saki.

Nawa idon ma bai tsira ba. Wajen shekara 40 ƙwayar ido takan fara taurin kai, ganin abu na kusa ya yi wuya, mutum ya riƙa miƙa takarda nesa kafin ya karanta. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, kuma madubin karatu ke maganinsa bayan an auna ido a wurin masu aikin. Na yi watanni ina danganta ciwon kai da zafin gari, ashe kanne ido ne da duƙawa. Allo mai ɗigo 1920 da 1080 ya fi fitar da rubutu tsaf, amma a faɗin inci 14 yana ƙanƙanta shi ƙwarai. Gyaran yana cikin saitin Windows, inda ake ɗaga girman komai zuwa kashi 125 ko 150, kuma a yawancin manhajoji riƙe Ctrl da murza linzami yana ƙara girman shafi nan take. Mutane da yawa sun shekara da na'ura ba wanda ya nuna musu wannan. Sannan mai kallon allo yana rage ƙifta ido bai sani ba, ga iskarmu busasshiya, ga ƙura, sai ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Likitocin ido suna ba da shawarar kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita 6 ko fiye na daƙiƙa 20. Mu a nan ba mu rasa abin hange ba. Dutsen da garin ya ci sunansa yana tsaye, ni shi nake duba ta taga.

Na sayar da kwamfutar farkon ga wani ɗalibi da zai yi aiki da ita a ɗaki, na kuma gaya masa aibinta kafin ya biya. Da na koma sayen ta biyu, da azahar na je. Na ce wa mai shagon, “Alhaji, don Allah a ba ni izini in fita da ita bakin ƙofa.” Ya dube ni, ya ce wa yaronsa ya bi ni da ita. Na buɗe farin shafi mai lambobi, ba bidiyo ba. Na tsaya dama, na tsaya hagu, na miƙe, na tsuguna. Na rage hasken, na ɗora kyamarar wayata a kai in ga ko wasu baƙaƙen layuka za su riƙa gudu, don wasu allunan da ƙyaftawa mai sauri suke rage haske, ido ba ya kama ta amma wasu mutane tana sa musu ciwon kai. Na mayar da shafin fari fat, sannan baƙi, ina neman tabo ko mataccen ɗigo. Uku na gwada kafin na samu. Wadda na ɗauka injinta bai kai na farkon gudu ba, kuma har yau ban ji rashin gudun ba, domin jadawalin ƙungiya da wasiƙa zuwa ofishin magajin gari ba su buƙatar doki.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuyar faɗi. Madannai iri biyu ke zuwa mana: na Faransa da ke farawa da AZERTY, da wanda ke shigowa ta Nijeriya da Dubai mai QWERTY. Wanda zai riƙa rubuta Faransanci kullum zai wahala da na biyun wajen é da è da ç. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, babu su a ko ɗaya, sai an girka su, kuma wannan abin takaici ne ga harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi. Ma'ajiya ta zama SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa, in dai na'urar za ta hau babur zuwa Matankari ko Dankasari ko Kore Mairuwa. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, Windows 11 kuwa a hukumance tana neman injin Intel na zubi na 8 zuwa sama, don haka kada araha ta sa a sayi wadda ta girmi haka. Batir kuma sai a gwada shi a cire daga wuta. Wanda ya zauna a ƙasar nan a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar lantarkin da take turowa, ba sai an yi masa bayanin darajar batir ba. Allo yana cikin manyan masu shan sa, musamman in an ƙure haske, shi ya sa marar sheƙi ya fi riba: ba sai ka ƙure shi ba kake gani.

Zama da kwamfuta ma akwai ladabinsa. Ƙurar hunturu in ta kwanta a allo tana dushe rubutu, kuma yashi ne, in aka goge da hannun riga a bushe sai ya karce. A fara hurewa, sannan a bi da tattausan ƙyalle mai ɗan laima. Kada a aza ta a katifa ko dardumar da za ta toshe mata hanyar iska, kada a bar ta cikin mota ko akwatin babur a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, don zafi ne babban abokin gabar batir. A wurin taro kuma na koyi zaɓen mazauni kafin in buɗe ta: bango ko zana a bayan masu dubawa, haske ya shigo ta gefe, baƙin rubutu a kan farin shafi. Kuma duk da haka nakan buga jadawalin a takarda in liƙa a ƙofar mangaza, saboda wanda bai zo ba da wanda yake son ya sake dubawa shi kaɗai.

Da shekara ta zagayo muka sake zama a rumfar nan. Na ƙara girman lambobin har layi goma kawai ke fita a allo. Na juya ta wajen Baba, mutum biyu suka matso kafaɗa da kafaɗa da shi. Ya bi layinsa da yatsa a hankali, bai taɓa gilashin ba. Sai ya tsaya.

“Sakatare, wanga sha ukku na ko sha takwas?”

“Sha uku ne, Baba.”

“To sha takwas na kawo. Biyar na baya ranar da kai tahiya na kawo su, yaronka ya amsa.”

Aka ɗauko ƙaramin littafin mangaza, aka duba, buhu biyar ɗin suna nan ban shigar ba. Na gyara a gaban kowa, jimillar ta sauya suna kallo. Da a bara ne, da baki zan karanto masa kuɗinsa a dunƙule, wataƙila ya ji bai cika ba ya yi shiru don kunya, ya tafi da abin a ransa. Ranar ba a watse da wuri ba. Kowa sai da ya matso ya ga nasa, har da waɗanda ba su taɓa tambaya ba.

Ina roƙon masu sayo wa ƙungiyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani na karkara kwamfuta, ko hukuma ce ko masu ba da agaji, in za su rubuta takardar oda kada su tsaya ga injin da ƙwaƙwalwa. Su rubuta allo marar sheƙi, IPS, mai nit 300 aƙalla, 400 in za a fita da ita fili. Bambancin kuɗin ba shi da yawa, na'urar kuwa shekaru za ta yi a gaban idon mutum.

Kai kuma ɗan'uwa da ke tara kuɗi don ka sayi taka, ka je da rana tsaka. In da hali ka tafi da wanda ya girme ka. Ka roƙi mai shago ka fito da ita bakin ƙofa, ka buɗe lambobi, ka sa dattijon ya tsaya daga gefe ya karanto maka. In ya karanta, ku yi ciniki. In mai shagon ya hana a fito da ita, ka yi masa godiya ka bar masa kayansa.